Bachar Houli: gwanin ɗan wasa ne, ko Musuluncinsa ne ya ɗaga sunansa?

Dan_Fagge
Salamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga 'yan'uwanmu da ke Ostireliya, da duk wanda ya san ƙwallon nan tasu ta AFL. An turo mini bidiyon wani mai gemu, Bachar Houli, ana ta zuba masa kirari, wai ya ɗauki kofi 3 da ƙungiyar Richmond, ga riƙo da addini. Na bi tarihinsa, sai na ga ya yi shekara 15 yana buga wasa amma ƙwallayen da ya ci ba su kai 50 ba, a wasan da ake tashi da maki 100 da ɗoriya. Ni abin da na fahimta, matsakaicin ɗan wasa ne da Allah ya jefa shi ƙungiya mai ƙarfi, kuma da ba Musulmi ba ne da babu mai tuna shi. Wanda ke da hujja ya kawo, ba zagi na zo yi ba.

Sadauki_Zinder
Wa alaikumus salam. Wai wannan ba ita ce rugbi ba?

BakanoMelbon
Malam Sadauki, kar ka bari mutumin Melbon ya ji ka. Ba rugbi ba ce, ba kuma ta Amurka mai hular kwano ba ce. A nan Melbon aka rubuta dokokinta a 1859. Filin mai siffar ƙwai ne, ya fi filin ƙwallon da muka sani girma nesa ba kusa ba, kowane ɓangare mutum 18. A kowane ƙarshen fili sanduna 4 ne a tsaye. In ka buga da ƙafa ta wuce tsakanin dogayen biyu na tsakiya ba wanda ya taɓa, maki 6. In ta bi ta gefe ko ta daki sandar tsakiya, maki 1. Ana gudu da ƙwallon a hannu, amma duk mita 15 sai ka buga ta da ƙasa. Ba a jefawa, sai dai ka ɗora ta a tafi ka nausa da ɗaya hannun. Wanda ya cafke ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 ko fiye kafin ta taɓa ƙasa, alƙali zai hura usur a ba shi fili ya buga ba mai taɓa shi. Babu satar gida. Zango 4 ake yi, kowanne minti 20 ban da lokacin da ake tsayar da agogo, shi ya sa zango ɗaya kan kai rabin awa.

Dan_Fagge, amsarka tana zuwa, masu ita na nan.

Damisa_Gwale
Ga ni na iso. Malam Dan_Fagge, tun daga ma'auni ka kauce. Houli ɗan baya ne, a gefen layin baya na biyu yake tsayawa. Aikinsa ba cin ƙwallo ba ne. Aikinsa shi ne in abokan hamayya sun kawo hari ya karanta inda za ta faɗo, ya tsinke ta, sannan ya fito da ita a guje ya aika ta da ƙafar hagunsa inda za ta yi amfani. A wannan wasa yawancin makin da ake ci daga ƙwallon da wani ya zubar ake samunsu, don haka mutumin da zai fito da ita daga baya ba tare da ya zubar ba, shi ne farkon kowane hari. Abin da ake dubawa a irinsu shi ne sau nawa ya raba ƙwallo, sau nawa ya cafke, mita nawa ya ciyo wa ƙungiya. Je ka duba waɗannan ka dawo mu yi magana. Wasa 232 ya buga, 206 daga ciki a Richmond. Ba a ba mutum riga sau 206 don yana sallah, koci Damien Hardwick ba limami ba ne.

Dan_Fagge
Na ji. To me ya sa Essendon, ƙungiyarsa ta farko, ba su riƙe shi ba? Shekara 4 ya yi a can, wasa 26 kacal. Kuma na 42 aka ɗauke shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2006, wato an ga mutum 41 da suka fi shi.

Abu_Hanan_Footscray
Wannan ni zan amsa, don ni ɗan Essendon ne, kuma har yau abin na ci mini rai. Ba mu muka kore shi ba, shi ya ce zai tafi. Ya fara buga wa manya a 2007, shekarar ƙarshe ta koci Kevin Sheedy. Da Matthew Knights ya karɓa, sai yaron ya shiga halin yau ana sa ka gobe an mayar da kai ƙaramar ƙungiya, ga rauni yana sa baki. Ƙarshen 2010 aka sallami Knights aka kawo James Hird, an so ya tsaya, ya ce shi Richmond yake so. Aka kasa daidaitawa a kan musaya, sai ya shiga zaɓen da ake yi kafin fara kaka, Richmond ta ɗauke shi. Ko sisi ba mu samu ba. Shekarar farko a can, 2011, ya buga dukkan wasanni 22. Mutumin da muka ce bai isa ba.

Sannan ku dubi ikon Allah. Ya tafi ke nan, 2012 aka yi badaƙalar alluran ƙarin kuzari a Essendon. Aka yi ta shari'a har Janairun 2016, kotun wasanni ta duniya ta dakatar da 'yan wasa 34. Da ya tsaya, wa ya san inda sunansa zai faɗa?

Damisa_Gwale
Alhaji Abu Hanan, mun gode da kyauta. In kuna da wani irinsa ku turo. Yaushe rabon ku da cin wasa ko ɗaya a zagayen ƙarshe, wato wasannin neman kofi na ƙarshen kaka? 2004 ko?

Abu_Hanan_Footscray
Yaro, kar ka sa in buɗe littafi. 2013 an cire mu daga zagayen ƙarshe saboda badaƙalar nan, aka ɗauko Carlton da ta zo ta 9 aka sa a gurbinmu, ita ce ta fitar da ku. 2014 Port Adelaide ta kore ku, 2015 North Melbourne. Shekara 3 a jere wasan farko kuke dawowa gida, kuma Houli na cikin ƙungiyar a duk shekarun nan. 2016 kuka zo na 13.

Injiniya_Perth
Tunda an fara tone-tone bari in sa nawa, don ina ganin Dan_Fagge bai yi nisa da gaskiya ba. Kafin 2017 su kansu magoya bayan Richmond ba su gama yarda da shi ba. Abin da ake faɗa a kansa a lokacin shi ne, in an bar masa fili gwani ne, in an matsa masa sai hannu ya yi rawa. Kun manta wasanmu na Fremantle a MCG, babban filin wasa na Melbon, a 2015? Richmond na gaba da ɗan ƙanƙanin tazara, saura kamar minti ɗaya, shi zai bugo ƙwallo daga gida. Ko yaron da ya fara jiya ya san a irin wannan lokaci gefen layi ake bugawa a kashe agogo. Shi sai ya bugo ta tsakiya. Muka tsinke, ta isa hannun David Mundy, ya narka ta. Muka ci da maki 4. Ina gidan wani abokina ɗan Richmond a ranar, ko sallama bai yi mini ba da zan tafi.

Hauwa_Sunshine
Injiniya, shekara 15 na wasa ka tsinto bugu ɗaya. Kai ba ka taɓa kuskuren lissafi a wurin aiki ba?

Injiniya_Perth
Hajiya, ba bugu ɗaya ba ne, misali ne. Kuma ga wani: bai taɓa cin kyautar gwarzon Richmond ta shekara ba, wadda ake kira Jack Dyer. Tawagar gwanayen ƙasa ta All-Australian sau ɗaya ya shiga, 2019. Corey Enright na Geelong, shi ma ɗan baya, sau 6 ya shiga. To in ana lissafin manyan 'yan baya, a ina za a ajiye Houli?

Damisa_Gwale
Ba wanda ya ce Enright ne. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ku zo mu tafi 30 ga Satumba 2017. Richmond rabonta da kofi tun 1980, shekara 37. Mutum 100,021 a MCG. Adelaide ita ce ta zo ta ɗaya a kakar, ita ce ta fi kowa cin maki, kusan kowa ita ya ba wa. Suka fara da ƙwallo 2 a jere, muka ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Wa ya riƙa tsinke musu hari yana fitowa da ita? Houli ya raba ƙwallo sau 25, ya cafke sau 11, kuma shi ɗan bayan ya taho gaba ya ci ɗaya. Aka tashi 108 da 60. Adelaide da ta saba wuce 100 aka tsayar da ita a 60. A ƙuri'ar gwarzon wasan ƙarshe, lambar Norm Smith, Dustin Martin ya samu 13, Houli 10. Mutumin da Injiniya ke cewa hannunsa na rawa in an matsa, a ranar da ta fi kowace matsi shi ne na biyu a fili, wasu ma sun ce na ɗaya.

Nura_Kumasi
Ni na kalli wasan daga baya a YouTube, kuma wallahi Houli ya fi Martin a ranar. An dai riga an gama rubuta labarin Martin ne, ya ci Brownlow, lambar gwarzon kaka, a makon, ana so a ce ya haɗa duka uku, kofi da lambobin biyu, a shekara ɗaya.

Ustaz_Tudunwada
An zalunce shi ne kawai. Da sunansa John ne da an ba shi.

BakanoMelbon
Allah ya gafarta Malam, a nan ban bi ka ba. Alƙalai 5 ne ke jefa ƙuri'ar, kowa ya ba da 3, 2, 1, kuma ana buga wanda kowa ya zaɓa a fili. Martin ya raba sau 29 ya ci 2. Ba wai an ɗauko wani ragon aka ba shi ba. In akwai son kai a lambar nan, na masu cin ƙwallo da 'yan tsakiya ne, ido ya fi ganinsu. Duk da haka Luke Hodge ya ci ta yana wasa a baya a 2008. Mu daina mayar da kowace ƙuri'a maganar addini, sai ranar da aka yi mana zalunci na gaske a ƙi saurarenmu.

Ustaz_Tudunwada
To ƙyallen da aka ɗaga a MCG a 2016 ranar wasansu da Collingwood, mai cewa a hana gina masallatai, shi ma ba maganar addini ba ce?

BakanoMelbon
Wannan ita ce, kuma an yi. Wasu 'yan ƙungiyar ƙyamar baƙi ne suka ɗaga shi, hukumar AFL da ƙungiyoyin biyu suka yi tir. Amma masu ɗaga ƙyalle daban, masu jefa ƙuri'a daban.

Maman_Khalifa
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, ni ban san lissafin cafke da rabawa ba. Muna yammacin Melbon, ɓangaren da shi Houli ya tashi. Ɗana ya dawo daga makaranta ya ce shi futi, wato ƙwallon AFL ɗin nan, zai buga. Babansa ya ce sam, wasan mashaya ne, ana gamawa sai gidan giya, kuma za a karya masa yaro. Yaron ya yi kuka ya gaji. Wata maƙwabciyarmu 'yar Labanan ce ta ba mu labarin Houli, cewa shi ma yana shekara 11 a ɓoye ya fara zuwa Spotswood, iyayensa ba su sani ba, don su karatu suke so ya yi. Ta ce ga shi ya girma a cikin wasan bai bar addininsa ba, kuma shi ya yi ta magana har aka sa ɗakunan ibada a manyan filaye a 2012. Baban Khalifa bai ce komai ba a ranar. Asabar na zuwa na ga ya ɗauki makullin mota ya ce yaro ya ɗauko takalmi. Yanzu shi ne mai ihu a bakin fili, har kunya yake ba ni. Don haka Malam Dan_Fagge, ko da a ce Musuluncin ne ya ɗaga sunansa, ni ban ga aibu ba. A gidana ya yi aiki.

Hauwa_Sunshine
Maman Khalifa, Allah ya raya mana shi. Ki sa ya riƙa sa robar haƙori don Allah, kar ki biye wa yara.

Dan_Fagge
Hajiya, Allah ya yi masa albarka. Amma kin ga kin ƙarfafa maganata ne. Amfaninsa ga al'umma ban musa ba. Ni a cikin fili nake tambaya.

Ustaz_Tudunwada
Ni kuma abin da ya tsaya mini a rai gajeren wandon nan nasu ne. Ya fi na 'yan ƙwallonmu gajarta. Cinya fa?

Malam_Habu_Maradi
Ustaz, wannan mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta tun da daɗewa, kuma ba a zauren wasanni za a warware ta ba. Ni abin da nake son ji shi ne azumi. Wasan da ake gudun kilomita fiye da 10, ana karo da ƙarti, ta yaya mai azumi zai yi atisaye?

Abu_Hanan_Footscray
Malam Habu, a nan Allah ya sauƙaƙa masa ta wata fuska. Kakar wasa daga Maris zuwa Satumba take, kuma a nan lokacin sanyi ke nan, mu namu a juye yake. Shekarun da ya yi a Richmond, azumi ya faɗo daga Agusta yana gangarowa Yuli, Yuni, Mayu. A Yuni alfijir na ketowa wajen ƙarfe 6, rana ta faɗi 5 da 'yan mintuna. Awa 11 da ɗan wani abu, ga sanyi, ba ƙishirwa sosai. A daidai lokacin 'yan'uwanmu na Ingila suna yin awa 18 zuwa sama. Wasan dare kuma bayan an sha ruwa ake farawa. Ba ina rage masa lada ba ne, atisayen safe da azumi a baki ba wasa ba ne, amma wanda zai ji jiki shi ne yaron da ke tasowa yanzu, da azumi ke komawa watannin zafi lokacin atisayen share fage.

Injiniya_Perth
Tunda ana ta waliyyantar da shi, wa zai ba da labarin Jed Lamb? Ko in bayar?

Damisa_Gwale
Bayar, ba abin ɓoyewa ba ne.

Injiniya_Perth
Yunin 2017, wasansu da Carlton. Ƙwallo ba ta kusa. Lamb na riƙe shi ta baya, sai ya wurgo hannu baya ya same shi a kai, yaro ya faɗi sumamme, aka fitar da shi bai dawo ba. Aka kai shi kwamitin ladabtarwa. Lauyoyinsa suka kawo kalaman yabon da Firaminista Malcolm Turnbull ya yi masa, da shaidar ɗan jarida Waleed Aly. Kwamiti ya ce saboda kyawun hali, wasa 2. Gari ya ɗauka. AFL da kanta ta ɗaukaka ƙara a kan hukuncin kwamitinta, abin da ba ta taɓa yi ba, aka mayar da shi wasa 4. To Dan_Fagge, ga wurin da sunansa na waje ya so ya yi masa aiki a cikin fili.

Hauwa_Sunshine
Amma ka faɗi duka mana. Wannan ne karo na farko da aka taɓa dakatar da shi tun 2007. Kuma ya nemi gafarar Lamb.

BakanoMelbon
Duk da haka ni ina tare da wasa 4. Kan Lamb bai san wanda ya buge shi mutumin kirki ba ne. Abin da Firaminista ya faɗa a kan ayyukansa na matasa gaskiya ne, amma ba shi da haɗi da mutum kwance a ƙasa. Da an bar shi a 2, da har yau ana yi masa gori ana yi mana. Ya yi 4 ɗinsa, ya dawo, bayan wata biyu ya buga wasan da Damisa ya ba da labari.

Ustaz_Tudunwada
Me ya sa sai a kansa aka fara ɗaukaka ƙara?

Nura_Kumasi
Ustaz ka dawo nan kuma.

Wad_Mayirno
Salamu alaikum. Ni Bahaushen Sudan ne, ina bin ku shiru. Ina so in ce ba Houli kaɗai ya buɗe ƙofa ba. Majak Daw a Khartum aka haife shi a 1991, iyalinsa suka bi ta Masar suka iso nan a 2003. North Melbourne ta ɗauke shi a ƙarshen 2009, ya fara buga wa manya a 2013, shi ne haifaffen Sudan na farko a AFL. Wasanninsa 54 ne kawai, amma je ka filayen yara a yamma ka ga 'yan Sudan ta Kudu nawa ne. Aliir Aliir ya biyo baya, har ya shiga All-Australian a 2021.

Sadauki_Zinder
Ba wani namu na Afirka ta Yamma?

BakanoMelbon
Akwai Joel Wilkinson, mai tsatson Najeriya, ya buga wa Gold Coast daga 2011 zuwa 2013. A wasansa na farko ma wani ɗan Western Bulldogs, Justin Sherman, ya yi masa zagin launin fata, aka dakatar da shi wasa 4. Kuma gyara kaɗan ga masu cewa Houli ne Musulmi na farko: kafin shi akwai Adem Yze na Melbourne da Sedat Sir na Bulldogs. Abin da ake cewa shi ne na farko da ya fito fili da ibadarsa. Yze ɗin shi ya karɓi horar da Richmond a 2024.

Abu_Hanan_Footscray
Ya karɓa suka zo na ƙarshe da nasara 2. A faɗi wannan ma. Amma abu ɗaya da ya haɗa ni da Damisa shi ne Agustan 2018, bayan wani sanata ya tashi a majalisa ya ce a hana Musulmi shigowa ƙasar. Daren wasanmu da su, Houli da Adam Saad namu suka fito tare da kyaftin-kyaftin wurin jefa kwabo, suka rungumi juna a tsakiyar MCG. Ina cikin filin. Ban iya magana ba.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a an yi nisa. Tambayar Dan_Fagge a kan wasansa take. A dawo, kuma a bar maganar wando.

Damisa_Gwale
Ranka ya daɗe, dama ban gama ba. 2019, wasan farko na kaka, Alex Rance, wanda shi ne ginshiƙin bayanmu, ya tsinke jijiyar gwiwa, bai sake bugawa ba. Aka ce bayan Richmond ya rushe. A shekarar ne Houli, yana da shekara 31, ya yi kakar da ta fi kowacce a rayuwarsa, shi da Dylan Grimes suka shiga All-Australian. Wasan ƙarshe da ƙungiyar GWS ta Sydney aka tashi 114 da 25, ƙwallo 3 kacal suka ci a wasa guda. Ya raba sau 26, ya sake zuwa na biyu a Norm Smith, Martin 15, shi 6. Wasan ƙarshe biyu, na biyu sau biyu, bayan mutumin da shi kaɗai ya taɓa cin lambar sau 3 a tarihi.

Sai 2020, shekarar korona. An kwashe ƙungiyoyin Melbon an kai su Queensland. Shi bai bi su da farko ba, matarsa ta haihu, mahaifiyarsa kuma ta kamu da cutar har aka kai ta ɗakin kulawa ta musamman. Ya fito a bidiyo yana roƙon Musulmi su je a gwada su. Daga baya ya bi su. Wasan ƙarshe a filin Gabba na Brisbane, 24 ga Oktoba, da dare, da Geelong. Mintunan farko Nick Vlastuin ya suma aka fitar da shi, shi kuma Houli naman sha-raɓarsa ya yage. A lokacin babu ɗan canji na musamman, in ya fita an rasa 'yan baya biyu ke nan. Ya tsaya ya ƙarasa wasan a haka. Geelong na gaba da 15 a hutun rabi, aka tashi 81 da 50. A takarda wasansa na ranar ba wani abu ba ne, Dan_Fagge zai duba ya ce ga shi nan. Amma ni shi na fi girmamawa cikin ukun.

Injiniya_Perth
Wannan na 2020 ban da ta cewa. Amma ka lura, duk abin da ka lissafa daga 2017 ne zuwa 2020. Shekara 4 cikin 15. Kuma tsarin Hardwick ne ya canza a 2017, ƙananan 'yan gaba suna matsa wa abokan hamayya har su bugo ƙwallo ba saiti, ta faɗo hannun 'yan baya. Duk wanda ka ajiye a gurbin zai yi kyau. Jayden Short ma ai ya zo na biyu a Norm Smith ta 2020 daga irin wannan gurbi.

Hauwa_Sunshine
To Martin ma a tsarin ya yi wasa. A cire masa nasa lambobin?

Nura_Kumasi
Injiniya, in tsari ne kawai me ya sa a 2018, da kuka ce sun fi kowa, Collingwood ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe? Tsari ba ya cafke ƙwallo.

Dan_Fagge
Na karanta duka. Maganar ƙwallaye 50 Damisa ya rufe ta. Amma har yanzu ina nan a kan cewa akwai 'yan Richmond da suka ci kofi 3 ɗin nan tare da shi, Grimes, Vlastuin, Shane Edwards, kuma ba wanda ya turo mini bidiyonsu a Kano. Tsakani da Allah, a cikin ƙungiyar nan ta shekaru 4, shi na nawa ne?

Damisa_Gwale
Martin, Rance, Cotchin, Riewoldt suna gabansa. Daga nan ni shi nake sawa.

BakanoMelbon
Ni zan sa Edwards da Grimes kafin shi a tsawon kaka. A ranar wasan ƙarshe kuwa, Martin ne kawai.

Abu_Hanan_Footscray
Ni da za a dawo mini da shi 2010 da ban tambayi na nawa ba ne.

Injiniya_Perth
Na 8 ko na 9. Kuma ba raini ba ne a ƙungiyar da ta ci kofi 3.

Maman_Khalifa
Khalifa ya ce in gaya muku ya yi ritaya a Agustan 2021 yana da shekara 33, kuma lambar rigarsa 14, wai ba wanda ya faɗa.

Sadauki_Zinder
To ni yanzu kun sa ina son gani da idona. Ƙarfe nawa ake wasan ƙarshe a agogonmu?

BakanoMelbon
Yawanci Asabar ta ƙarshen Satumba, 2:30 na rana a nan, wato 5:30 na asuba a Nijar da Najeriya, 4:30 a wurin su Nura. Amma fara da na 2017, ka sa ido a kan lamba 14 ba a kan ƙwallo ba, sai ka zo ka raba Damisa da Injiniya.

Injiniya_Perth
Ya haɗa da na Fremantle na 2015, minti biyun ƙarshe kawai.